Faifai biyu a akwati ɗaya: shin mai NAS a gida na buƙatar faifan waje kuma?

Tun satin da ya wuce ake ta ja-in-ja tsakanin masu ɗaukar hoto da bidiyon biki a nan Sakkwato kan tambaya guda: mutumin da ya zuba kuɗi ya sayi akwatin ajiya na gida, wanga da ake kira NAS, mai faifai biyu ko huɗu a cikinshi, shin dole ne sai ya ƙara sayen faifan waje yana kwafe kayan a kai? Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda akwatin da kanshi yana rubuta komai sau biyu, wasu sun ce a tura komai intanet a huta, wasu kuma ba su ma gane inda gardamar ta dosa ba, suna dai jin ana yi.

Abin da ya tada zancen wani abokinmu ne mai situdiyo wajen Mabera. Daren da anka yi ruwan nan mai tsawa wuta ta dawo da ƙarfi wajen ƙarfe biyu, da safe ya zo buɗe shago sai warin ƙonanniyar roba ya tarbe shi, akwatin ko fitila ba ya ƙyaftawa. Ya kira ni na je, munka kwance shi munka fiddo faifan guda biyu munka gwada su a wata na'ura, ko motsi ba su yi ba. Aikin biki bakwai ne a ciki da ba a kai ma masu shi ba. Kuma yana da faifan waje fa, sai dai yana jone a jikin akwatin dare da rana, kan ekistenshin ɗaya da shi, to shi ma ya bi su. Ina tsaye wata dattijuwa ta shigo karɓar bidiyon kamun ɗiyarta, ya rasa ta cewa, sai ya ce “Inna ki yi haƙuri ki dawo jibi”, ta ce “to ɗana, Allah shi kai mu”, ta gyara mayafinta ta fita. Jibin nan babu abin da zai ba ta, shi ya sani ni ma na sani, kuma tun ranar abin ke ci na a rai.

Mi ne ne NAS ɗin ma tukuna?

Wata ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da allo ba ta da madannai, aikinta kawai riƙe faifan ajiya. Ana jona ta da rauta, wato na'urar da ke raba wayifai, ta kebul, daga nan duk wanda ke kan wayifai ɗin gidan ko shagon zai iya zuba kaya ko ɗauka, ko da waya ko da laftof, ba sai ana yawo da filash daga wannan tebur zuwa wancan ba. Kamfanonin da sunka fi suna a harkar su ne Synology da QNAP da Asustor, sai Western Digital mai My Cloud, wasu kuma tsohuwar kwamfuta suke gyarawa su mai da ita haka. A nan garin masu situdiyo ne sunka fi amfani da ita, sai masu shagon buga takardu da ke kusa da makarantu, da 'yan ofisoshi, da wasu masallatai da ke tara sautin tafsirin azumi shekara da shekaru, sai kuma magidanta ɗaiɗai da ke son hotunan iyali su bar cika waya.

Faifan waje kuma shi ne wanda 'yan kasuwa ke ce ma eksitanal, wanda ake sokawa ta ramin USB a cire in an gama. Shi kuwa bakof da ake ta faɗa, ma'anarshi kwafi na biyu wanda zai rayu ko da na farko ya mutu. Ni ajiyar ko-ta-kwana nake ce mashi. Ka riƙe wagga ma'ana da kyau don a kanta gardamar duka take: wanda zai rayu ko da na farko ya mutu.

“Ai akwatina yana rubutawa sau biyu”

Wannan ita ce hujjar ɓangare na farko kuma akwai gaskiya cikinta. Tsarin da suke nufi sunanshi RAID. In faifai biyu ne aka sa su RAID 1, duk abin da ka zuba ana rubuta shi a kan kowanne, shi ya sa in ka sa mai terabait 4 (terabait ɗaya giga dubu ne) guda biyu, 4 kawai za ka ga kana da shi ba 8 ba. In uku ne ko fiye akan yi RAID 5, a rarraba kayan ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke kanshi. Amfaninshi babba ne, faifai ya mutu ranar Laraba aiki bai tsaya ba, ka sayo sabo ka soka akwatin ya cike gurbin da kanshi.

To amma cuta ɗaya tak yake magani, mutuwar faifai guda. Yaron shago ya goge foldar biki bisa kuskure, a daƙiƙar nan ta goge a faifan biyu, don shi tsarin ba ruwanshi da kuskure ko ganganci, abin da anka yi ma wannan shi zai yi ma wancan. Fayil ya lalace wajen rubutawa, lalataccen za a rubuta sau biyu. Wuta ta zo da ƙarfi, duka suna shan wuta daga wuri ɗaya. Ɓarawo ya shigo, ai ba zai tsaya kwance faifai ɗaya ya bar maka ɗaya ba, akwatin zai saɓa. Kamar mutum ne ya raba hatsinshi buhu biyu ya jingine su a rumbu ɗaya, in ɓera ya huda buhu guda ya tsira da ɗayan, amma ranar gobara fa?

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Yawanci faifan nan biyu rana ɗaya anka saye su, shago ɗaya, sun yi aiki awa ɗaya cikin zafi ɗaya. Ranar da ɗaya ya mutu ka sa sabo, dole akwatin ya karance tsohon da ya rage tun daga farko har ƙarshe, awanni yana ta juyi ba hutu, kuma a daidai wannan wahalar ce tsohon kan ce shi ma ga garinku nan. Ba kullum hakan ke faruwa ba amma yana faruwa, kuma lokacin ne ba ka da kowa a bayanka.

Masu garkuwa da fayil

Mu a yankin nan ba sai an yi mana fassarar kalmar garkuwa da kuɗin fansa ba, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. To a duniyar kwamfuta ma akwai irinta, kuma akwatunan NAS na cikin abin da suke farauta saboda a kunne suke kwana, kuma mutane na buɗe masu ƙofa ta intanet don su riƙa ganin kayansu daga nesa. A watan Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta afka ma akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet a ƙasashe da dama, ta kulle fayilolin mutane, ta rubuta masu cewa sai sun biya 0.03 na bitkoyin kafin a ba su makulli, bayan wata guda ta koma kan na Asustor. Kafin nan a watan Yunin 2021 masu amfani da My Book Live na Western Digital sun wayi gari sun tarar an shiga daga nesa an mai da na'urorinsu kamar sababbi, komai ya goge, kuma wagga na'ura rabonta da samun sabuntawa daga kamfanin tun 2015.

Abin da ya kamata mai faifan waje ya lura da shi a nan: duk abin da akwatin ke iya gani ya rubuta a kai, wanda ya shiga akwatin shi ma yana iya kaiwa gare shi. Faifan da ke jone ba dare ba rana, a wajen ɓarawon intanet wata folda ce kawai cikin foldoji. Wanda ke cikin durowa a cire kuwa ko wane gwani ne ba ya da hanyar taɓa shi daga Rasha ko Amurka ko Legas.

Kwafi iri biyu ne, kuma nan mutane ke faɗawa rami

Akwai kwafin madubi, wato ka ce ma na'ura ta mai da faifan waje daidai da abin da ke cikin akwati. Abin da ka ƙara ta ƙara, abin da ka goge ta goge. Yana da sauƙin fahimta kuma in ka soka faifan a laftof za ka ga foldojinka yadda ka san su. Illarshi, in an goge abu ranar Litinin ba ka lura ba, ka yi kwafi ranar Juma'a, to da hannunka ka goge shi a wuri na biyun ma. In fayilolin an kulle su ne, kullallun za su hau kan masu lafiya.

Na biyu shi ne mai riƙe tarihi, wanda ke aje yadda kayan suke a satin jiya da watan jiya da na gabanshi, ta yadda za ka iya cewa a dawo mani da foldar nan yadda take kafin sallah. Ba ya sake kwafe komai kowane lokaci, abin da ya canza kawai yake ƙarawa, shi ya sa na farko ne ke daɗewa, na bayan mintoci ne. A Synology manhajar da ke wanga aiki Hyper Backup ce, USB Copy kuma ita ke kwafi na kai tsaye, irin na madubin nan, a QNAP akwai Hybrid Backup Sync. Sai dai ka sani mai tarihin nan yakan dunƙule kayan cikin wani tsari nashi, in ka soka faifan a kwamfuta ba za ka ga hotuna a baje ba, sai ka sauke ƙaramar manhajar kamfanin da ke buɗe shi. Mutane da yawa kan firgita a nan su ɗauka kwafin bai yi ba.

Ni a ganina mai situdiyo ko ofis mai tarihin ya dace da shi. Magidanci da hotunan iyali ne kawai damuwarshi zai iya yin na kai tsaye, amma ya kashe zaɓin nan da ke cewa a goge abin da babu shi a asali, gara faifan ya cika da tarkace da a ce hoton marigayiya kaka ya ɓace a wuri biyu.

Akwatunan na da kwandon shara da kuma wani tsari na ɗaukar hoton halin da folda take ciki lokaci lokaci, ka kunna su suna da amfani ƙwarai wajen kuskuren gogewa, amma ka tuna a cikin akwatin suke zaune, abin da ya ci shi ya ci su.

A bar shi jone ko a riƙa cirewa?

Nan ne masu fahimtar abin ma sunka rabu biyu. Masu cewa a bar shi jone hujjarsu ɗan adam mai mantuwa ne, in ka ce sai ka tuna ka soka duk sati, za ka yi sau uku ka daina, gara a saita na'ura ta riƙa yi da kanta kowane dare. Wallahi suna da gaskiya, na ga faifan da rabonshi da kwafi wata takwas yana cikin durowa mai shi na ta alfahari yana da bakof. Masu cewa a cire kuma hujjarsu ita ce abin da ya sami abokinmu na Mabera.

Mafitar da na fi yarda da ita faifai biyu ne ana musanya su. Ɗaya na jone yana karɓar kwafin kowane dare, ɗayan na wani gida. Ranar da ka tsayar, misali Juma'a bayan an sauko masallaci, ka cire wanga ka kai can ka ɗauko wancan ka soka. Mafi munin abin da zai same ka shi ne asarar aikin sati ɗaya. Wanda ƙarfinshi bai kai na biyu ba, to ɗayan ya zama na cirewa, ya haɗa shi da wani abu da ba ya mantawa, kamar ranar biyan yara ko ranar da ya gama tace bidiyon biki, kuma a Hyper Backup akwai wurin da za ka ce in an gama kwafi akwatin ya saki faifan da kanshi, kai dai ka zo ka zare kebul. Masu harkar na da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ne ya yaɗa ta, wato daga cikin 'yan sana'ar hoto ma ta fito.

Zancen wani wuri daban ɗin nan kar a ɗauke shi da wasa. Duk ɗan garin nan ya tuna gobarar babbar kasuwa ta watan Janairun 2021, da ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Faifan da ke durowar ƙasa da akwatin, a shago ɗaya, ranar irin wannan sunanshi babu. Kuma abin ba baƙo ba ne gare mu, rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun zauna sun kwafe su da tawada da alƙalami, kwafi ya tafi Gwandu, wani Kano, wani Adamawa, in gara ta ci na wanga gida ana samun na wancan.

Masu cewa a tura intanet a huta

Ajiyar intanet, irin su Google Drive da makamantansu, ita ce ta fi cika sharaɗin wuri daban, wannan ba gardama. Matsalar lissafi ce. Google giga 15 yake ba kowa kyauta, bidiyon biki ɗaya da kyamara mai kyau ya wuce nan nesa. Terabait ɗaya giga dubu ne, in layinka na tura megabit 10 a daƙiƙa ba yankewa, wanda ba kowace unguwa ke samun haka ba, sai ya yi sama da kwana 9 yana turawa dare da rana. Ga kuɗin data, wanda tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 ya ƙara nauyi, ga kuɗin hayar wurin duk wata wanda in ka daina biya ajiyar na cikin haɗari. Kuma ranar da abin ya faru sai ka sake kashe wata datar wajen saukowa.

Saboda haka ni rabawa nake yi. Takardun fili, shaidar makaranta, rasit, littafin bashin shago, zaɓaɓɓun hotuna, waɗannan ba su da nauyi, su hau intanet. Manyan bidiyo su tafi faifan waje, a ɗauke su a aljihu a hau mashin, daga Mabera zuwa Arkilla minti nawa ne.

Wane faifai, kuma wane fomatin?

Girmanshi ya wuce kayan da ke cikin akwatin yanzu, in mai tarihi za ka yi to ya kusa ninki biyu. Kar ka yi mamaki in ka sayi mai terabait 1 kwamfuta ta nuna maka giga 931, ko mai 4 ta nuna 3.63, ba cuta ba ce, yadda kamfani ke ƙirga da yadda Windows ke ƙirga ne sunka bambanta. Cutar gaske tana wajen filash da ƙananan faifai da ake rubuta ma terabait 2 a sayar da araha kamar kuɗin kati, ciki ɗan ƙaramin abu ne anka yi ma dabara ya riƙa ƙaryar girma, kana zubawa yana karɓa yana taka na baya, sai ranar buɗewa ka ga wayam. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika faifai ta karanto ta faɗa maka gaskiyarshi, ka yi haka kafin ka amince da duk abin da ka sayo.

Ƙananan faifai na inci 2.5 daga ramin USB suke shan wuta, suna shiga aljihu, su sunka fi dacewa da musanya tsakanin gida biyu. Manyan na inci 3.5 sai da adafta tasu, sun fi ɗaukar kaya amma ga ƙarin hanyar da muguwar wuta za ta bi ta shigo. SSD, wato faifan da babu abin da ke juyi a cikinshi, ba ya tsoron faɗuwa kuma yana da sauri, sai dai tsada, kuma ba a so a jefa shi durowa shekaru ba a jona shi ba, musamman wuri mai zafi. Sannan ka duba ramin da kake sokawa, USB 3 yawanci cikinshi shuɗi ne, terabait ɗaya kan ɗauki awa biyu zuwa uku, a tsohon USB 2 kuwa kusan awa takwas ne, kuma wa ke da tabbacin wutar awa takwas a jere?

Fomatin kuma, wato tsarin da ake shimfiɗa ma faifai kafin ya fara karɓar kaya, iri-iri ne. FAT32 ka guje shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, bidiyon walima zai tsaya a hanya. Ext4 shi akwatunan sunka fi jin daɗi don yawancinsu Linux ne a ciki, wani takwaran Windows, amma Windows ba ya karanta shi kai tsaye, ranar da akwatin ya mutu kana gaggawa sai ka nemi mai Linux ko wata manhaja. NTFS Windows na buɗe shi ba wahala, Mac, kwamfutar Apple, na karantawa amma ba ya rubutawa sai da taimako. ExFAT kowa na buɗe shi sai dai shi ya fi saurin rikicewa in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu. Tambayar da za ka yi ma kanka ita ce, ranar da akwatin nan ba ya nan, da wace na'ura zan buɗe faifan? Amsar ita za ta zaɓa maka. Kuma fomatin na goge duk abin da ke kan faifan, a yi shi tun yana sabo.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗanda sunka ƙera na'urorin nan ba Sakkwato ta watan Afrilu ke ransu ba. Galibin faifai iyakar zafin da anka yarda su yi aiki a ciki digiri 55 ne zuwa 60, mu kuma inuwa kanta na wuce 40 lokacin bazara, cikin akwati ya fi ɗaki zafi, shago mai rufin kwano ba silin kuwa sai wanda ya zauna ciki. Kwafi babba a yi shi da dare ko da asuba, akwatin a ɗaga shi daga ƙasa a ba shi iska, faifan waje kar a bar shi cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar mashin a rana. Lokacin hunturu ƙura na toshe fankar akwatin, ka kashe shi ka hure ta lokaci lokaci. A shafin kula da akwatin akwai wurin da ke nuna zafin kowane faifai da lafiyarshi, SMART ake ce mashi, leƙawa ba ta cin minti biyu.

Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu ita ke lalata kwafi shiru ba ka sani ba. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke, mai kebul ɗin USB na gaya ma akwatin cewa wuta ta tafi, shi kuma ya rufe kanshi cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. Mai sola da inbata ya fi samun sauƙi, amma sauyawa daga wutar gari zuwa janareta shi ma yana girgiza na'ura. In hadari ya haɗo ana walƙiya, zare filogi daga bango ya fi kowace sitabilaiza, har da kebul ɗin rauta. Kuma kar a fizge faifan waje haka kawai, a danna wurin sakinshi a jira fitila ta natsu.

Amanar da ke cikin faifan

Wannan ɓangaren ba na jin ana tattauna shi kuma ya fi damuna. Faifan mai situdiyo cike yake da hotunan matan mutane a wajen kamu da lalle da wankan amarya, wuraren da maza ba su shiga, sun yarda an ɗauka ne don amana. In za ka kai faifan nan wani gida, ko ya faɗi a hanya, duk wanda ya tsinta ya soka a laftof ya gani. Don haka a kulle kwafin da kalmar sirri, manhajojin da na ambata duka suna da wurin yin haka. Amma kullewar nan ba ta da sani ba ta da sabo, in ka manta kalmar ko ka ɓatar da ɗan fayil ɗin makullin da take ba ka, ko kamfanin da ya ƙera akwatin ba zai iya buɗe maka ba. Ka rubuta ta a takarda da biro, ka sa inda kake aje takardun gida, ka sanar da mutum ɗaya da ka yarda da shi, don rai ba a hannunmu yake ba kuma iyali na iya buƙatar abin da ke ciki. Kar ka aje makullin a cikin akwatin da kake ma kwafi.

Ka taɓa gwada dawo da wani abu?

Ni kaina nan na taɓa tuntuɓe. Akwai kaset kaset na karatun mahaifinmu, Allah ya jiƙanshi, da na ɓata kusan shekara ina mai da su sauti a kwamfuta, suna cikin akwatin gida, kuma na saita kwafi duk dare hankalina kwance. Wata rana yayata ta ce in turo mata karatun da ya yi na ƙarshe kafin rashin lafiyarshi, na ce bari in ɗauko daga faifan waje in ga yadda abin ke aiki. Ina buɗewa na ga kwafin ƙarshe na watanni biyar baya ne, ashe faifan ya cika, kowane dare aikin na farawa ya faɗi, akwatin na ta aika sanarwa zuwa wani imel da na daina buɗewa. Duk kaset ɗin da na juya cikin watannin nan wuri ɗaya kawai suke, wasu kuma asalin kaset ɗin zaren ya riga ya tsinke. Allah ya rufa asiri akwatin lafiyarshi lau, amma na daɗe zaune gaban allon nan jikina a sanyaye.

Tun daga nan duk farkon wata nakan ɗauki faifan in soka a laftof, ba a akwatin ba, in zaɓi abu uku da ka, hoto ɗaya, takarda ɗaya, sauti ko bidiyo ɗaya, in buɗe su, bidiyon in ja shi tsakiya da ƙarshe in ga bai tsaya ba. In duba kwanan watan kwafin ƙarshe da sauran wurin da ya rage. Sanarwar kuma na mai da ita kan imel ɗin da ke wayata.

Abokinmu na Mabera ya aika faifanshi guda biyu wajen masu ƙoƙarin ceto bayanai, sun ce in allon wutar da ke bayan faifan ne kawai ya ƙone akwai fata, in abin ya taɓa ciki to sai addu'a, kuma kuɗin da sunka nema ya fi na faifan waje biyu. Biki uku cikin bakwai ya same su a katin kyamara da bai riga ya goge ba, na ɗiyar dattijuwar nan ba ya ciki, yanzu yana bin 'yan uwan amarya ɗaya bayan ɗaya yana roƙon abin da sunka ɗauka da wayoyinsu ko zai haɗa mata wani abu. Ya sayo ƙananan faifai biyu, ya manna ma ɗaya farar takarda ya rubuta A, ɗayan B, wanda ba ya aiki na kwana gidan ƙanen babanshi a Runjin Sambo, ranar Juma'a yaron shagon ke kai wannan ya amso wancan.